Jegona a Hannun Tsohuwar Caina

Mun zo Dubai a shekarar 2016, ni da maigidana da 'yarmu ta fari, lokacin tana da shekara biyu. Shi ya samu aiki a wani kamfani mai gyaran na'urorin sanyaya manyan gine-gine, muka kama filat mai ɗaki ɗaya da falo a hawa na huɗu a unguwar Al Khabaisi. Tagar kicin ɗinmu tana kallon bayan wani garejin motoci, kuma jiragen sama suna wucewa ƙasa-ƙasa, har kana iya karanta rubutun jikinsu. Da farko nakan tsaya in kalle su. Daga baya na daina ɗaga kai.

A gidanmu na Kano ba a rufe ƙofa sai za a kwanta. A nan ƙofa da kanta take rufe kanta, ta yi ƙaras a bayanka. Akwai ranakun da daga fitar maigidana har dawowarsa ban yi magana da kowa ba sai yarinya da Ubangijina. In muka fita Deira, unguwar 'yan kasuwa, ranar Juma'a na ji wasu mata 'yan sari suna Hausa a bakin shago, sai in rage tafiya ina sauraro, ko da cinikin takalma suke yi. In na yi musu sallama mu gaisa kamar 'yan ɗaki ɗaya, sai su ce jibi za su koma.

Duk wayar da za mu yi da Umma, mahaifiyata, sai ta kawo maganar a ƙarshe.

"To, har yanzu shiru?"

"Umma, sai dai addu'a."

"Addu'a muna yi. Yarinya ta isa a yi mata ƙane, har ta wuce."

Abin da ban gaya mata ba shi ne, ni ce nake jan ƙafa, da sanin maigidana. Ba haihuwar nake tsoro ba, abin da ke bayanta nake tsoro. Haihuwata ta fari a ɗakin Umma na yi jego. Tun kafin rana ta fito an hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, goggona ta tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini a baya ina ihu tana cewa in yi wa mutane shiru, ba ni na fara ba. In na fito ga kunun kanwa, ga farfesun ƙafar sa da yaji. Jaririya kuwa ba na ganinta sai za ta sha nono, daga wannan hannu sai wancan. Kwana arba'in ko tsintsiya ban taɓa ba. To a hawa na huɗu wa zai yi mini wannan?

Amma haihuwa ta Allah ce, ba ta jiran shirin kowa. A ƙarshen 2019 na samu ciki. Muka yi murna, muka shirya Umma za ta zo ta zauna da ni. An yi mata fasfo, ta haɗa kanwa da gero da yajin jego da daddawa, har ta sa an ɗinka mata sababbin kaya don kada ta ba ni kunya a ƙasar Larabawa. Sai korona ta zo aka rufe hanya. Na haihu a watan Yuli, namiji, Umma tana Kano da ƙullin kayanta a gefen gado.

Hutun kwana uku kawai aka ba maigidana, domin a tsakiyar zafi aikinsu ba ya ɗaga ƙafa. Ragon suna ma a Kano aka yanka, hotonsa aka turo mana a waya, da na mata cike da tsakar gidanmu suna cin shinkafar sunan ɗan da ba su gani ba. Ranar na kalli hoton har wayar ta mutu.

Wanka kuwa ni na riƙa yi wa kaina. Abin da ya fi ba ni tausayin kaina shi ne ruwan. A Dubai in zafi ya kai zafi, tankin da ke saman bene yakan gasu da rana, sai famfon sanyi ya riƙa zubo da ruwa mai ƙona hannu. Ruwan da a gida sai an sayi itace, an tashi mata biyu, a nan murɗa famfo kawai zan yi. Ganyen darbejiya maigidana yake tsinko mini a wata bishiya kusa da inda yake ajiye mota, yana waige-waige kamar ɓarawon kaza, don ya ji an ce bishiyoyin titi na hukuma ne. Sai in zauna a kan bokiti a kife, in tsoma ganye in watsa ta kafaɗa. Tsakiyar bayana hannuna ba ya kaiwa. Jariri yana kuka a ɗaki, yayarsa tana buga ƙofar banɗaki tana cewa, "Mama, ya tashi." Nakan haɗa wankan da kuka, tunda duk ruwa ne.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wasu 'yan Caina ce, uwa da 'yarta. 'Yar tana aiki a wani ofishin kargo a Deira, za ta yi shekara talatin da biyar, kullum a guje da waya a kunne. Uwar tsohuwa ce 'yar ƙarama mai gajeren farin gashi, ba ta jin Turanci ko Larabci. Kowace safiya takan fito baranda tana wani motsa jiki a hankali, kamar mai ture labule a cikin ruwa. Shekara biyu muna maƙwabtaka, tsakaninmu sai ɗaga kai da murmushi.

Kwana biyar da haihuwata aka ƙwanƙwasa. Na leƙa, tsohuwar ce da takunkumi a fuska, riƙe da kwano mai murfi. Ta nuna cikina, ta nuna kwanon, ta kai hannu baki. Na karɓa da hannu biyu na rusuna. Da na buɗe a kicin, romo ne fari mai kauri, da gyaɗa a ciki da wani nama da ban gane ba. Ƙamshinsa ya cika kicin, amma na mayar da murfin. Maigidana ya dawo ya duba ya ce abin da ake kokwanto a bar shi. Muka zubar, ina istigfari, don a gidanmu ba a zubar da abinci. Na wanke kwanon na zuba dabino a ciki, tunda ba a mayar da kwano haka nan.

Haka aka yi kwana uku. A na huɗu ta zo karɓar kwanonta ban riga na juye ba, ta bi ni har kicin, ta ɗaga murfi ta ga romon jiya yadda ta kawo shi, har ya daskare. Ta ɗauki abinta ta fita. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da la'asar sai ga 'yar ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa. Da Turanci muka yi magana, nawa na sakandare, nata na kasuwa.

"Mamata ta ce ba kya shan romonta. Tun safe take faɗa, ta ce nono ba zai zo ba."

Na sunkuyar da kai na ce ta yi haƙuri, mu Musulmi ne, ban san abin da ke ciki ba.

Ta dafe goshi. "Wayyo! Ƙafar alade ce! Na manta ban gaya mata ba." Ta yi dariya har da riƙe ƙofa, ni kuwa ina ta maimaita a'uzubillahi a zuci, ina gode wa Allah da ya tsare. Ta juya ta yi wa uwar bayani da yarensu, tsohuwar ta amsa da wata doguwar magana mai zafi.

"Ta ce khalas, magana ta ƙare. Gobe za ta zo ta dafa a tukunyarki, da kazarki, a gabanki. Ta ce in kin ƙi wannan ma, to da ita kike gaba, ba da alade ba."

Washegari ƙarfe takwas ta shigo da leda cike da citta da wasu busassun 'ya'yan itace jajaye masu kama da manyan magarya. Abu na farko da ta yi, ta nemo abin kunna esi, na'urar sanyaya ɗaki, ta kashe. A watan Yuli. Na biyu, ta fito da safa mai kauri ta durƙusa ta saka mini da hannunta. Na uku, ta buɗe firij ta kwashe duk robobin ruwan sanyi ta jera a ƙasa. Sannan ta nuna mini gado da yatsa, irin nunin da ba a musu da shi.

Ashe su ma suna da jego. Maijego ba ta shan sanyi, ba ta taka ƙasa ba takalmi, ba ta aiki, sai romo mai zafi da kwanciya. Na kwanta ina jin ƙarar wuƙa a kan katako daga kicin ɗina, wani yana yanka albasa ba ni ba. Barcin da na yi ranar ban yi irinsa ba tun ina da ciki wata bakwai.

Washegari da yamma maigidana ya dawo ya tarar da gida kamar tanda. Ya tsaya yana fifita da hularsa.

"Hajiya, ni da nake raba wa Dubai sanyi, gidana ne ya koma gidan burodi?"

"Ka je ka gaya mata da kanka."

"Wa? Ni? Tsohuwar da ta harare ni jiya don na shigo da iska? A'a, mu gasu tare."

Inda muka saɓa shi ne wanka. A wajensu maijego ba ta wanka sam, mu kuwa wankan shi ne jegon. Ranar da ta fara ganin na fito daga banɗaki jiƙe, tururi yana tashi a jikina, ta saki ihu ta rufe ni da bargo tana faɗa, tana nuna gwiwoyinta da ƙugunta, wato in na tsufa zan gane kurena. Na kira Umma na ba ta labari. Umma ta ce, "Kar ki kuskura ki fasa. Maijegon da ba ta gasu ba ai ɗanya ce. Ki gaishe ta, amma wanka ba fashi." Na zama ina tsakanin tsofaffi biyu, kowacce tana rantsuwa da abin da uwarta ta koya mata, kuma duk biyun sanyi suke jiye mini.

Kwana biyu ina wanka a ɓoye kafin ta zo. A na uku ta riga ni. Ta tsaya a ƙofar banɗaki ta sa hannu a ruwan, ta janye da sauri tana yarfewa. Ta dube ni, ta dubi ganyen. Ina ɗaure da zani, na tsoma ganyen na watsa a kafaɗa don ta gani, na yi ƙoƙarin kaiwa baya na kasa. Ta daɗe tana kallo. Sai ta tafi kicin, na ji ta kunna wuta. Ta dawo da tukunyar ruwan da ta tafasa da ɓawon citta, ta juye a bokitina, ta naɗe hannun rigarta, ta karɓi ganyen.

Hannunta bai kai na goggona nauyi ba, amma ta samu tsakiyar bayan. Na kifa kaina a gwiwa na yi ta kuka. Ita ta ɗauka zafi ne, tana ta cewa "shwaiya, shwaiya," wato sannu-sannu, kalmar Larabci ɗaya da ta sani.

Daga ranar ta karɓe tsinko ganyen ma. Ita ba ta waige-waige. Takan dawo daga zagayenta na safe da leda cike, ta wuce mai gadi kanta a sama.

Da jinin biƙi ya ɗauke na koma salla, in na tayar takan ɗauki jaririn ta koma bakin taga, ta juya baya, ta yi shiru har in sallame. Ban taɓa roƙonta hakan ba. 'Yata ta fara kiranta Kaka, ita kuma tana amsawa.

Wata Juma'a 'yar ta shigo ganin jariri. Na miƙa mata shi ta ja da baya, ta ce tana tsoro kada ya karye. Uwar ta faɗi wata magana gajera, 'yar ta juya ido.

"Kin ji, ta fara. Kullum maganar ke nan. Wai ke kin girme ni da 'ya'ya biyu alhali na girme ki da shekaru."

Na ce, "Allah ya kawo miji nagari."

"Ina da miji, habibti, ƙawata. Yana can gida yana aiki, ni ina nan. Mu ne dai ba mu shirya ba." Ta zauna a hannun kujera. "Kin san abin dariya? Lokacin mamata doka a ƙasarmu ta ce ɗa ɗaya tak. Ta so ta ƙara, ba hali. Ni ce ɗayar. Yanzu an duba an ga tsofaffi sun yi yawa, yara sun yi kaɗan, sai aka ce a haifi biyu. An ƙara hutun haihuwa, ana lallashi a talabijin, ana maganar tallafi. An hana uwata, ni kuma ana roƙona."

Na ce mu a wajenmu rediyo kullum tazarar haihuwa yake wa'azi, mata suna ji suna dariya suna goyo. Maigidana daga falo ya sa baki ya ce ai nan ma 'yan ƙasa ana taimaka musu da aure da gida don su yi iyali. Na tambaye ta, to in an ba ta tallafin, za ta haihu?

Ta dubi ƙafar jaririn. "Ke 'yan'uwanki nawa?"

Na ce ɗakinmu mu tara ne.

"Tara!" Ta faɗa wa uwar, tsohuwar ta buɗe baki ta ƙirga a yatsunta. "Ni ba wa, ba ƙanwa. Mijina ma haka. In na haihu, ɗana ba zai san kawu ko goggo ba. In mamata ta kwanta ciwo ni ce, in iyayensa suka kwanta mu ne. Hukuma za ta ba ni hutun wata nawa? In hutun ya ƙare wa zai riƙe shi? Ita?" Ta nuna uwar. "Gwiwarta ma da ƙyar take hawa da ita."

Na so in ce mata kowane ɗa da arzikinsa yake zuwa, kuma na yi imani da hakan har zuciyata. Amma na tuna ni mai 'yan'uwa takwas, shekara huɗu na yi ina jan ƙafa saboda rashin wanda zai riƙe mini ganye. Tsohuwar dai tana jijjiga ɗana tana yi masa wata waƙa, ba ta san me muke cewa ba, ko kuma ta sani sarai.

Ranar da muka cika kwana talatin ta zo da kwando cike da dafaffen ƙwai da aka rina ja. Ta ba 'yata biyu, ta ajiye wa maigidana, ta shafa kan jariri. Ta cire mini safar da kanta, ta ɗauko abin esi ta kunna, ta miƙa mini tana dariya. Na yi ta godiya ban san dalilin bikin ba.

Washegari ƙarfe takwas na haɗa ruwa na zauna jira. Tara ta yi. Goma ta yi. Na leƙa ta ramin ƙofa, ƙofarsu a rufe. Na ji motsin tukunya a ciki, wato lafiyarta ƙalau. Na yi ta bincikar kaina ko na yi mata wani laifi. Ruwan ya huce na sake tara wani, na koma kan bokitina ni kaɗai.

Sai bayan kwana biyu maigidana ya haɗu da 'yar a lifta. Ta ce ai wata ya cika, nasu jegon kwana talatin ne, ƙwan nan shi ne sallama. A wajen tsohuwar na warke, kuma ba ta son ta dame mu.

"In gaya musu namu arba'in ne?" in ji shi.

Na ce a'a. Wanda ya ba ka talatin don Allah, ba ka bin sa ka ce saura goma.

Kwanaki goman nan sun fi na farko tsawo, don yanzu na san yadda gidan yake in da mutum a ciki. Na yi wankana, na dama kunu da ɗan abin da na samu, na yi azkar ɗina da jariri a cinya.

Ranar arba'in Umma ta kira da hantsi.

"Barka da arba'in. Ina angon nawa? To yau ina za a fara yawon?" Sai ta yi dariya, dariyar ta tsaya a tsakiya. A gida ranar ce maijego take cin ado, ta goya ɗanta ta bi dangi gida-gida, a ga jariri, a sa albarka, a ba shi abin da ya samu. Sai an yi mako ba a gama zaga dangi ba.

Na ce, "Umma, ina da inda zan je."

Na ɗauko atamfar da na ajiye tun ta suna ban saka ba. Na sa kwalli, na yi turare, na saka wa yarinya rigar salla. Na goya jariri da sabon zani, na yafa mayafi. Muka fita, na taka taku biyar, na ƙwanƙwasa.

Ban taɓa shiga gidansu ba sai ranar. Ta buɗe ta gan mu cikin ado, ta dube mu sama da ƙasa, ta leƙa bayana ko da wasu. Na nuna kaina, na nuna ɗakinta. Ta ja ni ciki ta zaunar, ta kawo ruwan zafi a kofi da lemo a faranti. Ba 'yar da za ta fassara, muka zauna haka nan, ta kwance goyon ta rungume.

Can ta miƙa mini shi ta shiga ɗaki. Na ji tana jan akwati. Ta fito da wani ƙullin jan ƙyalle, ta warware a cinyarta. Takalman jariri ne na yadi, ɗinkin hannu, an yi musu fuskar damisa a gaba, da 'yan kunnuwa da gashin baki na zare. Daga ganin yadin ka san sun daɗe a ajiye. Ta kama ƙafar ɗana ta saka masa ɗaya, ta saka ɗayan. Sun ɗan yi masa yawa. Ya harba ƙafa, damisoshin suka yi rawa, 'yata ta ƙyalƙyale da dariya, tsohuwar ma ta yi har da tafi.

Na ɗauka kyautar arba'in ce, na buɗe baki zan yi godiya. Sai na ga ta daina dariya. Ta riƙe ƙafafun biyu a tafin hannunta ta daɗe tana kallo. Sannan ta zare takalman a hankali, ta haɗa su baki da baki, ta mayar cikin ƙyallen ta ƙulle. Ta dube ni kamar mai neman afuwa, ta nuna hoton 'yarta da ke jikin bango.

Na gyaɗa kai. Na ɗaga hannuwana biyu yadda muke addu'a, na roƙa mata a bayyane da Hausa, cewa Allah ya nuna mata mai takalman nan tana da sauran ƙarfin goyo. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma da na shafa ita ma ta shafa fuskarta, yadda ta saba ganin ina yi.

Ta cika wa 'yata hannu da lemo, ta taya ni gyara goyo. Ana kiran la'asar a masallacin bayan gareji muka fito. Ta tsaya a ƙofarta har na buɗe tawa, yawon arba'in ɗina ya ƙare, na shiga na shimfiɗa sallaya.